Rigar da Na Tuɓe a Gaban Jama'a

A gidanmu ba a wasa da maganar tuɓe riga. Kawuna, ƙanen innarmu, da haka nasa ya fara. Ina yaro na gan shi yana yage rigarsa yana ihu wai wuta na cin sa, alhali ba a ganin komai a jikinsa. Aka ce hauka ne, aka kai shi wani ƙauye bayan Lolo, cikin ƙasar Benin, inda ake sa masu taɓin hankali a mari. Can ya rasu.

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ina koyarwa a wata firamare a Bagudo. Da damina wasu ƙuraje masu ruwa suka feso mini a haƙarƙarin dama, a jere kamar ɗamara. Bayan sati uku suka bushe, na ce alhamdu lillahi. Ashe ban ga komai ba! Wurin ya koma ƙuna kamar an goga barkono, ga ƙaiƙayi can ciki da susa ba ta kai masa. In na danna da ƙarfi sai in ji sauƙi, amma riga ta ɗan shafe ni sai in ji garwashi. Wa zan faɗa wa a wannan gida? Tsoro ya kama ni sosai. Kullum sai in jero sunayen ɗalibaina a zuci, in ji ko hankalina yana nan.

Rannan aka ce manyan sabuwar jiha za su zo gari, malamai su fito tarya cikin shiga mai kyau. Na sa sabuwar shadda da ta sha sitaci, ta yi ƙiƙam kamar kwali. Muka tsaya a rana, gumi na gangarowa. Na cije, na cije. Wallahi ban san sa'ad da hannuna ya kai wuyan rigar ba. Sai gani na yi na cire ta na yar, ina tsaye daga ni sai wando, ina fifita haƙarƙari da hula. Kowa ya zuba mini ido.

Washegari da hantsi yayana ya kawo mota da direba ƙofar gida. Ya ce, "Tashi mu tafi a duba ka." Na san hanyar, na san ƙauyen. Na ce lafiyata ƙalau, fata ce ke ƙuna. Inna ta fashe da kuka, ta ce haka kawu ya riƙa faɗi. Ni kuwa da saurin fushi, na daka tsawa na yi ƙwallo da buta. To, na ƙara ɓata lamarin. Yaya ya aika a kira maza biyu su riƙe ni.

Hayaniyar ce ta shigo da maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya tsohuwar nas. Ta dubi tabon, ta ce wa yaya, "Malam, ba ni minti biyar." Ta ɗaure mini ido da ɗankwali, ta ɗauko auduga da gawayi. Tana shafa mini audugar, duk inda na zabura sai ta ɗiga alama. Da ta gama, alamun sun bi tabon ƙurajen sak, sun tsaya cak a tsakiyar ƙirji da ƙashin baya. Hagu ko gezau ban yi ba.

Ta ce, "Mama, ki duba. Ƙurajen sun warke, jijiyar da ke ƙarƙashi ce ba ta huce ba. Yana yi wa mutane haka, wata da watanni. Asibiti za a kai shi, ba wancan wuri ba."

Yaya ya sallami direba, yana sunkuyar da kai. Ni dai na zauna ina sauke numfashi, ban ko goge gawayin ba. Inna kuwa ta ƙura wa alamun ido. Sannan ta sulale ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Na kawunka hagu ne. Ni na shafa mishi magani a ƙurajen da hannuna. Kuma ni na ce a kai shi."