Sunan da Na Tsallake a Salsalar Limamai

Ina bakin rumbu da hantsi ina duba dammunan gero, sai Nomau direba ya tsayar da motarsa, ya tako da ƙafa har inda nake. Da na ga ya cire hula na san ba lafiya ba. Ya ce, “Baba, sai haƙuri. Malam Lawali ya cika a asibitin Kaura.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa, domin na san da wane nauyi ya bar ni.

Ni ban yi allo mai nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa. Abin da Allah ya ba ni shi ne riƙo. A garinmu, kusa da Birnin Tsaba, ni ke jero sunayen limamai da zuriyarsu tun daga na farko, kamar yadda na karɓa daga bakin kawuna. Amma ya ba ni su da sharaɗi. Liman Isa yana da ɗa wanda ya bar shi a shekarar yunwa, ya yi wajen Shinkafi bai waiwayo ba, uban kuwa ya rantse kada a ƙara lissafa shi. Kawuna ya faɗa mini sunan sau ɗaya, ya ce in riƙe, kada in furta.

Malam Lawali jikan wannan ɗan ne. Ya yi ƙuruciya yana lodin gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, yana karatu wurin malamai, daga baya ya dawo garin kakanninsa da iyalinsa. Shi ke wanke gawar wanda ba shi da kowa. In ya raba gado, sai ya maimaita wa mata rabonsu har su gane, yana cewa, “Wanda bai gane hakkinsa ba, ba a ba shi ba tukuna.”

Da aka ƙaddamar da Shari'a, aka ba mu izinin Juma'a, dattawa suka ce liman sai daga gidan limamai. Kowa ya san babu mai ilimin Malam Lawali. Aka kira ni gaban hakimi, aka tambaye ni ko kakansa na cikin salsala. Na jero ta daga sama har ƙasa, na tsallake abin da aka ce in tsallake, na ce iyakar abin da ke bakina ke nan. Aka naɗa Malam Sanda, wanda a wurin Malam Lawali ya yi rabin karatunsa.

Na zaci Malam Lawali zai daina gaishe ni. Bayan kwana biyu sai ga shi da goro. Ya ba ni labarin da ya ji wurin wani akawun tasha, Kirista, mai karanta littattafan Bani Isra'ila. Ya ce a wurinsu ba mai tsayawa hidima a ɗakin Allah na Ƙudus sai zuriyar Annabi Haruna, ɗa bayan uba, domin wanda zai miƙa hadaya a madadin jama'a dole a san tushensa. Da aka kwashe su bauta ƙasar Babila suka dawo, waɗansu gidaje suka nemi sunansu a rubutun salsala, ba su samu ba. Aka hana su hidimar, aka hana su cin abincin da aka keɓe wa masu ita, har ranar da za a sami wanda zai nemo musu hukunci wurin Allah.

Na ce masa to ai ka ga ba ni na fara ba. Ya yi murmushi ya ce, “Ba a ce da su maƙaryata ba, Baba. Cewa aka yi su jira.” Da ya miƙe zai tafi ya ƙara da cewa, “Kullum ka zo kan 'ya'yan Liman Isa, sai ka ja numfashi tsakanin Bube da Labbo. Na daɗe ina ji.”

Bai sake tayar da maganar ba. Shekara shida yana sahun farko bayan ɗalibinsa. In Malam Sanda ya yi tuntuɓe a karatu, ya ɗora masa a hankali, yadda sahu na biyu ma ba zai ji ba. Ni kuma na kafe, ina gaya wa kaina rantsuwar mamaci ba abin wasa ba ce.

Tun da muka rufe Malam Lawali ban iya jero salsalar ba. Ina zuwa tsakanin Bube da Labbo sai in ji kamar mutum na tsaye bayana yana saurare. Ranar Juma'a idona ba ya barin gurbinsa a sahu. Shi ya jira har ƙasa ta rufe shi, alhali wanda zai warware masa yana zaune yana cin goronsa.

Ya bar ɗa, Malam Murtala, mai karatu kamar ubansa, kuma wata rana za a sake tambaya, ba na nan. Shi ya sa na roƙi Malam Sanda ya rubuta wannan da hannunsa, a karanta ranar addu'ar arba'in. Na ce masa abin zai taɓa rawaninsa. Ya ce in faɗa, shi ma ya gaji da ɗauka.

To ku shaida. Liman Isa ya haifi Bube, ya haifi Mani, ya haifi Labbo. Mani ya haifi Umaru, Umaru ya haifi Lawali. Rantsuwar Liman Isa, ni zan amsa ta gabansa.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya haskaka kabarinsa, ya sa haƙurinsa ya zame masa nauyi a mizani. Allah ya ba matarsa Inna Kulu da 'ya'yanta dangana, ya raya Murtala bisa tafarkin ubansa. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa Malam Lawali ya yafe mini kafin mu haɗu. Amin.