Glenys Ta Ƙi A Kulle Shafin

Glenys Tarrant direbar motar 'yan makaranta ce a garin Launceston, har ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki. Daga nan ta shigo gidan rediyonmu na 'yan sa-kai, tana gabatar da shirin lambu ranar Asabar, ni kuma ina kula da na'urori.

Manhajar da muke tsara shirye-shirye da ita ta kyauta ce, wasu matasa a birnin Melbourne suka rubuta suka bar ta a buɗe ga kowa. Bayanin yadda ake aiki da ita yana kan wiki, shafin da duk wanda ya ga kuskure zai iya shiga ya gyara. Wata jimla ce da ta kasa ganewa ta ɓata wa Glenys rai, ta sake rubuta ta. Ba wanda ya hana ta, sai ta zarce. Ganin haka ƙananan gidajen rediyo daga tsibiran Tonga da Vanuatu suka fara ƙara nasu: abin yi idan wuta ta ɗauke, yadda ake lallaɓa tsohuwar kwamfuta.

Sai masu tallar caca suka gano shafin, suka riƙa cika shi da shara. Lachlan Pryor, jagoran masu manhajar, ya kira taro ta bidiyo ya ce zai kulle, daga yau su kaɗai za su riƙa rubutu.

"Glenys, mun gaji da sharar nan," in ji shi.

"Kun gaji? Ɗan nan, ni nake share ta kullum kafin in sha shayi. Yaushe rabonka da shafin?"

"Ba ke za a zaga ba idan wani ya rubuta shirme."

"To a zage ni. Sa sunana a sama."

Duk da haka ya kulle.

Glenys ba ta roƙe shi ba. Ƙa'idar shafin ta yarda kowa ya kwafa, don haka ta zaunar da ni muka kwashe komai zuwa wani sabon shafi da kowa zai iya gyarawa. Na ce mata wannan faɗa ya fi ƙarfinmu.

"Kai dai danna abin da za ka danna," ta ce.

Masu tallar caca suka biyo ta, ba su fasa ba har yau. Mutanen tsibirai ma suka biyo ta. Wata Sela Fifita daga Nuku'alofa, babban birnin Tonga, ta karɓi sharar ranakun da gwiwa ta kwantar da Glenys. Shafin Lachlan yana nan tsaf, sai dai manhajar ta canza ta bar shi a baya.

Bara muka ga sunan Lachlan a shafinmu, ya gyara wani bayani da Glenys ta rubuta ba daidai ba. Na ce ta aika masa da godiya.

"A kan me?" ta ce. "Ya ga kuskure ya gyara. Sela ma haka take yi."