Saniyata da Rijiyoyin Dutse

Mun tashi daga rugarmu ta bayan Taura ana kiran assalatu, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Mu biyar ne in an sa da saniya, ni kuwa ina sa ta: ni, ɗana, matarsa, goyonta ɗan wata biyar, sai baƙar saniyata. Ɗan nawa aka kira zuwa garin Dutse ya riƙa yi wa alƙali rubutu, don tun da Nasara suka zo komai sai an sa a takarda. Ba shi da kowa a can, sai dai ya kama haya. Ni ban taɓa jin an biya kuɗi don a kwanta a ɗaki ba sai bana. Na ce ba mai zaɓar unguwa sai ni. Matar nan tasa 'ya'ya biyu ta binne, duk da ciwon ciki, na ukun nan ba za a kai min shi inda aka ga dama ba.

A Ringim muka yada zango. Albasa tuli-tuli har ta sa ni hawaye ban taɓa ta ba. Wata mai ƙosai ta ƙi karɓar kuɗin wuri a hannuna, wai sai anini mai huda. Na ce ta ci abinta. Da safe muka haye kogi a kwalekwale, saniya na iyo a gefenmu, hancinta kaɗai ake gani. Ruwan ya yi lum, har na ji kamar mu muke tsaye, gaɓar ce ke tahowa.

Kwana na uku da hantsi duwatsun suka bayyana, kwance kamar garken da ya ƙoshi, dabino tsaye a tsakaninsu. Na daɗe ina kallo. Mahaifina ya faɗo min a rai, da yadda yake zaɓar mazauni: a kai saniya bakin ruwa, in ta sha ta ƙoshi, a kafa bukka. Abin da na zo yi ke nan.

Mai unguwa ya nuna mana wuri uku. Na mahauta ko tsayawa ban yi ba, saniyar ma ta fi ni sauri. Na biyu a gindin dutse yake, cikin malamai, ɗaki ɗaya ƙarami, rijiya mai zurfi. Aka ja guga, ta sunsuna, ta ɗan kurɓa, ta kau da kai. Na ce mu tafi. Na uku can gangare kusa da marina, ɗaki biyu da rumfa. Nan ta dulmiya baki, guga uku ta shanye tana kaɗa wutsiya. Na ce wa ɗana ya je ya gaya wa mai gidan mun kama.

Wata tsohuwa na kaɗi a inuwa tana ta kallonmu. Bayan mun gaisa ta ce, "Baiwar Allah, saniyar za ki aje a gidan ko jaririn?"

Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce ruwan nan kanwa gare shi, shi ya sa marina suke son sa, su kansu ruwan sha daga gindin dutse suke ɗebowa, don yana tsinka wa yara ciki. Na kamfata na kai baki. Santsi, da ɗan bauri a ƙarshen harshe.

Sai na zauna a ƙasa. Ni da na tashi ina bin shanu zuwa lasar kanwa, na san ba abin da saniya ke so kamarta. Na sani sarai. Kuma ɗanɗanon nan ba baƙo ba ne a bakina. Shi ne na rijiyar rugarmu, wadda ni na sa aka haƙa inda uwar saniyar nan ta sha ta ƙoshi.

Surukata ta durƙusa kusa da ni ta ce a hankali, "Inna, yaran nan kwanansu ne ya ƙare." Na ce na sani, amma ni na zaɓi ruwan.

Muka koma gindin dutse. Wannan karon ni na sha. Sanyi, garɗi, ba komai a bayansa. Ɗakin ko tabarma uku ba zai ci ba, ɗana ya ɗan ɓata fuska, na ce ya rage tsawo. Kwana biyu na yi da su. Da yamma inuwar dutsen takan sauko ta rufe tsakar gidan, ana jin karatun maƙwabta sama-sama, jaririn na barci bakinsa a buɗe.

Na dawo da ayarin masu jakuna, ni da saniyata, ba mai yi wa wani magana. Ko kaya ban sauke ba na wuce rijiyarmu na sha. Shi ne dai. Ko shi ya ɗauke jikokina, Allah kaɗai ya sani, amma na ce da maza a nemi wani wuri a haƙa ta mutane, wannan a bar wa shanu. Hannuna bai daɗe da sanin alƙalami ba, na dai daure na rubuta don a karanta wa matan ruga: duk wadda za ta kai ɗanta sabon wuri, ta sha ruwan da bakinta. Saniya tana da gaskiya, amma kanta take zaɓar wa.