Na Cire Wayar Inna Daga Rauta Saboda Wasan Ƙwallo

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da shida, ina tsaron shagon atamfar kawuna a kasuwar Daura, ba mata, ba nauyin kowa a kaina. Abin da ya cinye min hankali shi ne wasan ƙwallo na waya, irin wanda ake bugawa da mutane ta intanet. Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana, shi kuma ya shekara uku yana aikin gini a Aljeriya. Ba shi da layin kira a can, sai wayfai na gidan da suke kwana, don haka duk zumuncinsa da Inna ta kiran bidiyo ne da saƙon murya, kuma bai taɓa tsallake Juma'a ba. Ni kuwa na toshe lambarsa tuntuni, saboda ya taɓa ce min ƙato da ni ina zaune ina danne-danne kamar yaro.

Unguwarmu sabis ba ya da ƙarfi, shi ya sa na sayi rauta, na'urar nan mai raba intanet a gida, na haɗa wayar Inna da ita tunda ba ta iya sa data ba. Sai dai rautar ta zame min ciwon kai. Ina dab da zura ƙwallo sai ɗan wasana ya sandare, kafin ya motsa an ci ni. Ba abin da ban yi ba: na kashe na kunna, na canza layi, na ɗora ta kan taga, har na ɗaure ta a azarar soro. Daga ƙarshe na je wajen wani Ibo mai shagon kayan waya na zaɓi sabuwa mai eriya huɗu. Mutumin ya gaya min gaskiya cewa rauta ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta samu take rabawa, kuma idan wayoyi suka yi yawa a kanta dole ta yi nauyi. Ya nuna min inda zan ga jerin wayoyin da ke kanta, da yadda zan cire na maƙwabta masu satar shiga.

Wata Juma'a bayan masallaci muna da gasa da abokai. Na buɗe jerin, na ga ba wata baƙuwar waya, sai ta Inna, tana sauraron wa'azi a tsakar gida. Na ce a raina awa biyu ba za ta kashe kowa ba, na cire ta. Aka fitar da ni a zagayen farko, na fice da haushi, na manta. Ran Asabar Inna ta ce min wayar ta yi shiru, kuma yayana bai saba haka ba, na ce mata sabis ne. Ran Lahadi ta sake kawo min ita ƙulle a bakin zaninta, ta ce don Allah auta in duba mata, gabanta faɗuwa yake yi. Wallahi a lokacin na tuna abin da na yi. Amma wasan na tafiya sumul yadda ban taɓa gani ba, sai na ce mata gobe, ko kaina ban ɗago ba.

Ran Talata da hantsi Kawu ya shigo da dattawa biyu. Wani mutumin Dutsi da suke aiki tare da yayana ne ya samo lambar Kawu ya kira shi. Zazzaɓi ya kwantar da yayana tun ran Juma'a, ya cika ran Litinin, har an yi masa sutura a can. Sai bayan sadakar uku na iya mayar da wayar Inna kan rauta. Tana hannunta saƙonni suka fara shigowa, ɗaya na bin ɗaya, da alamar kiran da ba a ɗauka ba har na kasa ƙirgawa. A saƙon ƙarshe muryarsa da ƙyar take fita, yana tambayar Inna ko fushi take yi da shi ne ta ƙi ɗauka, ya ce idan ya yi mata laifi ta yafe masa, kuma ta gaishe ni.

Shekara biyu ke nan. Na daina wasan, amma hakan bai rage min komai ba, kuma ban ga ranar da zai rage ba. Na nemi gafarar Allah, sai dai wanda na zalunta yana kabari, wadda na zalunta kuma na kasa buɗe baki in gaya mata. 'Yan'uwa matasa, idan tsohuwa ta miƙo muku waya ta ce ku duba, ku ajiye abin da ke hannunku ku duba a take, ba ku san wanda ke jira a ɗaya ɓangaren ba. Har yau Inna ta ɗauka sabis ne ya ɗauke, tana cewa Allah bai nufa su yi sallama ba. Duk Juma'a takan kira ni in kunna mata saƙon, ta saurara, ta amsa masa cewa ba fushi take ba, sannan ta sa min albarka don na gyara mata waya.