Mujiyar Azurfa a Zamalek

Daga Ma'adi

Muna idar da sallar asuba muka fito daga masaukinmu a unguwar Ma'adi, ni da Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Tsohon malamin tarihi ne daga Katsina, ya zo Alƙahira aikin ido, ni kuwa karatu nake a nan. Ya daɗe yana tara tsofaffin sulallan azurfa, amma na Girka bai taɓa gani ba sai a hoto. Likita ya ce aikin na iya yin kyau, yana iya ƙi. Kawu ya ce kafin a taɓa idon sai ya ga na gaske.

Ataba

A metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka je kasuwar Ataba, bayan an duba jakarmu a ƙofa. Muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasa muna jiran a buɗe shaguna. Wani mai kayan tarihi ya zubo mana sulalla tire guda: ga mai kunkuru na tsibirin Ajina, ga mai doki da fukafukai na Korinti.

Kawu ya ce, "Na gaske ne?"

"Ma'alish, yi haƙuri ya Hajji, duk kwaikwayo ne. Na gaske doka ta hana sayarwa."

Da ya ga jikin Kawu ya yi sanyi, sai ya kwatanta mana gidan wata tsohuwa jikar Girkawa a unguwar Zamalek, Madam Ilini, wadda ta gaji kaɗan daga mahaifinta da izinin hukuma.

Zamalek

Tasi ta haye da mu gada, ta sauke mu bayan ofisoshin jakadanci. Tsohuwar ta ba mu shayi, sannan ta ɗora wa Kawu sule ɗaya mai kauri a tafin hannu. Ya kai shi dab da idonsa na dama.

"Mujiya! Mu a wajenmu in ta yi kuka a kan gida hankali tashi yake."

Ta yi dariya. "A birnin Atina alamar hikima ce. Bayi ne suka haƙo azurfar a ramuka, da ita birnin ya ƙera jiragen yaƙi. Wannan saran da ke fuskarta kuwa wani ɗan kasuwa ne ya yi shi nan Masar, don ya tabbatar ba jabu ba ne."

Kawu ya ce, "Ɗana, me ke bayanta? Ba na gani."

Na ce ganyen zaitun ne da jinjirin wata. Ya daɗe yana shafa saran da babban yatsa.

"Wanda ya haƙo, wanda ya buga, wanda ya sara, ba mu san sunan ko ɗaya ba. Amma ga aikin hannunsu a nawa hannun."

Da za mu tafi ta ce ba ta da magaji, gidan tarihi za ta miƙa wa su duka. "Bayan kai, sai dai a kalle ta ta gilashi."

Komawa

Da magariba muka iso Ma'adi. Daga baya aka yi aikin: na dama ya gyaru, na hagu bai dawo ba. Mun gode Allah, mun kuma gode wa wannan baiwar Allah da ta buɗe wa baƙi ƙofa ba ta san su ba.