Lambar da Na Ajiye da Sunan "Kar a Amsa"

Warin sifirit ne a yatsuna ranar, irin wanda sabulu ba ya fitarwa, lokacin da waya ta yi ƙara a aljihun farar rigata. Watana uku ke nan da fara aikin jinya, kuma har lokacin idan na ɗaura wa mutum ledar ruwa nakan tsaya kallon ɗigonsa kamar yayyafin farko.

Muna da zaure a waya, mu da muka gama makaranta tare. Nan muke kai abin da muke jin kunyar tambayar manya. Wata ta kasa samun jijiyar jariri, wata kuwa matiron, babbar nas, ta yi mata tsawa gaban majinyata, sai mu taru mu lallashe ta. Shekarar ce ake tayar da bam a tashoshin Gombe, ake caje jakar kowa a ƙofar asibiti.

Saƙon daga baƙuwar lamba ya zo, ba hoto, ba suna. "Sista, don Allah, raunin harbi a cinya, kwana shida, ya fara wari. Me zan sa?" Ƙarƙashinsa an jera zafin jiki da bugun zuciya, safe da rana, yadda ake koya mana rubutawa in za mu miƙa aiki.

Can shugabar ajinmu, wadda ita ke kula da zauren, ta rubuto: "Wa ya shigo da wannan?"

"Malama, asibiti ya ƙone ne?" in ji wata ƙawata mai baki.

"Ba zan iya kai shi ba," lambar ta ce.

Shi ke nan, muka koma kiran juna a gefe. Wane ne ke da harsashi a jiki yake gudun asibiti? Ƙawata ta ce ƙila ma ƙato ne da gemu yake kiranmu sista. Wata ta tuna mun sha faɗin ɗakin da muke aiki da lokacin tashinmu a zauren. Kafin la'asar an cire lambar.

A keke, a hanyata ta komawa gida Tumfure, saƙo ya shigo mini ni kaɗai. "Na ga ke kike amsa wa mutane da taushi." Na daɗe ina kallon jerin zafin jikin nan. Hannun da ya rubuta shi an koya masa abin da aka koya mini, wannan ban yi shakka ba. To amma su ma maharan da ke daji ai suna da masu yi musu ɗinki. Na rubuta yadda ake wanke ciwon, da alamun da in an gani ba sauran jira. Na karanta, na goge. Na tura mata: "Ki kai shi asibiti." Sannan na ajiye lambar da sunan "Kar a amsa". Ta kira sau biyu washegari. Ina kallon wayar har ta yi shiru.

Bayan shekaru aka kawo mana wata nas 'yar Borno, mai sanyin murya. Muka saba, har rannan ta ce, "Sista, sa lambata mana." Ina gama dannawa sunan ya fito: "Kar a amsa". Na kife wayar a cinyata.

Ban gaya mata ba. A hira, a hankali, na ji sauran. Yayanta aka harba ranar da suka gudo daga garinsu, ta ji tsoron a ga saurayi ɗan Borno da harsashi a ce shi ma nasu ne. Sai da ƙafar ta yi baƙi suka kai shi, aka yanke ta. Gidan da suka rakuɓe, wani kango ne marar ƙofa a Tumfure, layi biyu bayan namu.