Ranar da Inna ta riƙe alwala saboda jan farce

Shekarun baya, da na yi haihuwar fari, na koma gidanmu a Talata Mafara wankan gida. Aurena a Maradun yake, amma bayan suna aka kwaso ni da jaririyata da akwatina aka dawo da ni gaban mahaifiyata, cikin ɗakin da na tashi.

Duk wadda ta yi jego ta san yadda yake. Safe da yamma ruwan zafi da ganyen darbejiya, kunun kanwa har sai kin fara jin ƙamshinsa a mafarki, ga zaman wuri ɗaya. Ana kula da ni sosai, ban da abin cewa, amma na gaji da abin da nake gani a madubi. Fuska ta kumbura, kitso ya tsufa, zanin da na ɗaura da safe shi ne a jikina har rana ta faɗi.

Ba ni kaɗai ce mai zaman wuri ɗaya a gidan ba. Akwai kakata, mahaifiyar babana, wadda duk muke kira Inna. A Birnin Tudu ta ƙasar Bakura ta yi rayuwarta, tana turara shinkafa tana casa. Muna yara, in ta zo gidanmu ba a jin muryar kowa sai tata, ga barkwanci, ga kwaikwayon mutane. Bayan rasuwar kakana yanar ido ta rufe mata gani, babana ya ɗauko ta ya dawo da ita wurinmu. Tun daga nan Inna ta yi shiru. Takan zauna bakin ƙofarta da carbi, in an gaishe ta ta amsa, in an kai abinci ta ɗan taɓa ta ture. Ta ce mutane take gani kamar inuwa. Abin yana damun babana ƙwarai, ya sha zama gabanta yana jan ta da hira, sai ta ce masa, "Tahi aikinka, lahiyata lau."

Ana haka ƙanwata ta zo hutu daga makarantarsu a Gusau. Bayan ta gama gaishe-gaishe ta shigo ɗakina ta tura ƙofa, ta zazzage wata 'yar jaka a kan gado. Ƙananan kwalabe ne na jan farce, amma ba jan da muka sani ba. Akwai mai ruwan zinari cike da ƙyalƙyali, akwai shuɗi mai ɗigo-ɗigon haske, akwai wani mai ruwan makuba da in kin juya shi sai ya canza launi.

Ta ce, "Yaya, tunda ba ki sallah yanzu, wannan ne lokacinki."

Gidanmu gidan lalle ne. Babana malamin islamiyya ne, kuma tun muna ƙanana muka san jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce. Ba wanda ya taɓa tsawata mana a kansa, mun dai san ba shi da wurin zama a hannun mai sallah sau biyar. Ni kuwa a lokacin ina da uzuri, don haka na ce mata gobe da hantsi.

Washegari muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na ce ni zan shafa wa kaina, ai ba wani abu ba ne. Na tsoma ɗan burushin na laɓta kamar mai yaɓen ɗaki, rabi a farce rabi a fata. Ban gama hannu ɗaya ba jaririya ta tsala kuka, na manta na sure ta, zanen zanin goyo ya fito ɗaram a kan kowane farce. Ƙanwata ta yi dariya har ta kwanta. Ta goge mini, ta ce in miƙo hannu in rufe baki. Ta fara shafa wani fari kamar ruwa, ta bari ya sha iska, sannan ta bi da shuɗin nan siriri-siriri, ta sake bi. Ta ce kada in taɓa komai sai ya bushe.

Na zauna na ɗaga hannuwa sama. Mahaifiyata ta wuce da tukunya, ta dawo, ta same ni yadda ta bar ni. Ta ce, "Ke kuma addu'ar mi kike yi tun ɗazu ba ki shafa ba?"

A daidai nan rana ta zagayo ta faɗo kan tabarmar. Ina juya hannuna ina kallon yadda yake walwali, sai muka ji murya daga bakin ƙofar Inna.

"Mi na na ke walƙiya hannunki?"

Duk muka juya. An daɗe rabon da Inna ta tambayi wani abu da ta hango da kanta. Na matsa kusa da ita na miƙa mata hannu. Ta riƙe shi, ta kai dab da idonta, ta juya shi wajen rana, ta sake juyawa. Ta daɗe tana yi.

Ta ce, "Wanga na gan shi sarai. Kamar taurari." Sannan ta ce, "Ku sa mani."

Mahaifiyata ta ajiye tukunya ta durƙusa. "Inna, sallah fa? Ruwa ba ya ratsa shi."

"Ku kira mani malamin gidan ga."

Aka kira babana daga zaure. Ya zo ya tsuguna gaban mahaifiyarsa, ya saurari ƙarar da aka kawo, ya dubi hannuna, ya dubi kwalaben. Na ga yana danne murmushi da gemunsa. Ya ce, "Inna, in kin yi alwala kahin a shafa, sallarki ta yi. Amma da zarar ta karye, sai an goge shi tas kahin ki sake wata."

Ta ce, "Shi ke nan? To, a ba ni buta."

Ta yi alwala a natse, ta goge hannu, ta miƙo wa ƙanwata. Na tuna faratan nan. Masu kauri ne, da layi-layi, taɓarya da ruwan zafi sun gama da su, ga sauran tsohon lalle a bakinsu. Muka jera mata kwalaben a rana, ta ɗaga ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan mai ruwan zinari.

"Wanga. Ban taɓa sa zinari ba tunda nike, yau sai in sa shi ga yatsa goma."

Ƙanwata ta shafa mata a hankali, ni ina fifita da mafici. Da ya bushe Inna ta baza yatsunta a kan gwiwa tana kallo, tana ɗan motsa su. Daga nan aka shiga aikin tsaron alwala. Mahaifiyata ta kawo mata fura mai sanyi, ta ce a kai ɗaki a rufe. Aka kawo ruwa, ta ce ba ta jin ƙishi. Bayan ta yi Azahar na ce ta ɗan kishingiɗa kamar yadda ta saba, ta ce, "So kike in yi barci ki rabe ni da zinarina? Na gane ki, mai jego." Rabon da ta tsokane ni haka tun ina budurwa.

Can sai ta ce a miƙo mata mayafi da sanda, za ta shiga maƙwabta. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa leƙa ƙofar waje ba in ba asibiti za a kai ta ba. Ni ba halin fita, ƙanwata ce ta riƙe mata hannu. Ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Wai duk gidan da suka shiga, sai Inna ta ja gaisuwa ta yi tsawo, ina wuni, ina gajiya, ya yara, ya zafi, tana yi tana gyara mayafi da hannu biyu har sai an tanka. In ba a tanka ba ta ce, "Ku dai idonku lahiya lau, amma ba ku gani."

Ba su dawo su kaɗai ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da surukarta suka biyo su, aka ƙara tabarma. Inna ta yi La'asar da alwalarta ta hantsi, ta sallame, ta juyo ta buɗe bakin da muka yi kewa. Ta ba mu labarin 'yanmatancinta, yadda suke tahowa cin kasuwar Talata a ƙasa, da yadda suke goge ƙafa da dutse a bakin rafi kafin su shigo gari. Ta gangaro kan ranar da kakana ya fara zuwa zance wurinta a kan aron jaki, jakin ya ga ruwan fadama ya tsaya cak, shi kuma ya wuce ta saman kansa da sabuwar riga. Ta tashi tsaye tana kwaikwayon yadda ya iso ƙofar gidansu yana ɗigar taɓo yana sallama da muryar manya. Mahaifiyata, wadda ba ta cika dariya gaban surukarta ba, sai da ta toshe baki da gefen zani. Inna kanta ta yi dariya har ta dafa bango.

Sai ta tsaya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "To, jama'a. Alwala ta tahi."

Aka sake fashewa. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don rana ta riga ta yi ja, Magariba ta kusa.

Ƙanwata ta ɗauko ruwan goge farce da auduga ta fara murzawa. Launin ya fita, ƙyalƙyalin ya ce yana nan. Audugar ce ma take yagewa tana maƙalewa a jikinsa. Na karɓi ɗaya hannun na murza da ƙarfi har Inna ta ce zafi. A lokacin na fara sanin cewa mai ƙyalƙyali ba ya fita da sauƙi kamar sauran. Ruwan kuma ya kusa ƙarewa a kwalba.

Fuskar Inna ta canza. Ta ce a hankali, "Tunda na yi wayo Magariba ba ta taɓa wuce ni ba." Na ga yinin nan mai daɗi zai ƙare da ita tana ganin ta yi wa Ubangijinta laifi saboda wasan yara, ta koma bakin ƙofarta ta sake yin shiru.

Ƙanwata ta ce ta taɓa ganin yadda ake yi a waya, ba murzawa ake ba, jiƙawa ake. Ta yayyaga audugar ƙanana, ta ɗiga wa kowace sauran ruwan, ta ɗora a kan farce. Mahaifiyata ta yanka leda, ni ina naɗewa ina ɗaurewa da zare, maƙwabciyarmu tana riƙe da jaririya. Kafin a jima yatsun Inna sun koma kamar ƙullin gishiri. Ladan ya fara kiran sallah muna zaune muna kallon su. Babana zai fita masallaci ya tsaya daga bakin zaure ya ce, "Ku natsu, da sauran lokaci. Inna, ba ki yi laifin komi ba."

Muka jira har aka tayar da sallah a masallaci, sannan ƙanwata ta kwance na farko ta ja audugar. Ya fita gaba ɗaya, farce ya fito fes. Mahaifiyata ta kunna fitilar waya tana bin kowane farce, in ta ga ɗigo ɗaya ta ɗauke shi da tsinken tsintsiya. Inna ta yi alwala, ta yi sallarta da sauran ja a sararin sama. Da ta shafa addu'a ta juyo ta ce, "Ina furar nan tawa?" Ta shanye ta tas, ta kuma tambayi abin da aka dafa.

Ba ta sake shafawa ba. Ta ce riƙon alwala irin wannan ba na tsohuwa ba ne. Amma har na gama wanka kullum da hantsi takan fito ta zauna kan tabarmarmu, ita ke zaɓa mini launi, ita ke cewa wannan ya yi, wannan a goge. Ranar da zan yi wankan tsarki ma ita ta tsare ni sai da aka bi faratana ɗaya bayan ɗaya. Na koma Maradun na bar ta tana shiga maƙwabta da ƙafarta. Ta yi shekaru bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta da rahama.

Abin da nake yawan tunawa shi ne irin tsarabar da muke kai mata kafin ranar. Magani, man zafi, sabulu, carbi, dabino. Duk abubuwa ne masu amfani, kuma da ƙauna muke kai su, amma babu ɗaya a ciki da ke cewa mun san har yanzu mace ce mai son ado. Mun yanke mata hukuncin ta gama da wannan, ba tare da mun tambaye ta ba.

Yanzu mahaifiyata ce ta fara manyanta. Duk lokacin da zan je Mafara nakan haɗa mata abin da take buƙata, sannan in saka abu ɗaya da ba ta buƙata. Zuwan da na yi na ƙarshe 'yan kunne na kai mata, masu ɗan dutse kore. Ta juya su a tafin hannu ta ce, "Mi zan yi da wanga da tsufana? Ki kai wa ƙannenki." Ta ajiye su a kan taga. Da yamma na fito zan yi mata sallama, na same ta ta ɗan ja ɗankwalinta baya, kunnuwa a waje, 'yan kunnen a jikinsu.